Takardar Da Aka Hana Karantawa

Mungadi,
12 ga Maris, 2023.

Zuwa ga malamata kuma aminiyata, Malama Dorothy,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, ke da maigida Malam Kefas da Jemimah da duk mutanen Zuru. Yaya ƙafar nan taki? Ta bar ki kina takawa zuwa coci, ko har yanzu sai an ɗauke ki a babur? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin Mungadi a saman takarda maimakon Kashin Zama. Ina gidan Kawu Ya'ƙub, ƙanen mahaifiyata, ni da 'ya'yana Raihanatu da Zinatu. Aurena da Yusuf ya mutu, yau kwana goma sha ɗaya. Kin ga har na rubuta sunansa ƙiri-ƙiri, abin da shekara goma sha tara ban yi ba, biron ma sai da ya yi tuntuɓe. Na so in kira ki a waya, to gidan Kawu ko tari ka yi a ɗaka sai an tambaye ka a zaure me ya same ka. Shi ya sa na rubuto, na ba direban da ke zuwa wajenku.

Kin san farkon abin tun kina koyar da mu yaƙi da jahilci a Aliero. Tun da ya fara lodin albasa zuwa kudu, ya kama ɗaki a Jega Firchin, gida ya zame masa wurin wucewa. Bayan tafiyarki abin ya ƙara lalacewa. Shekara biyu cur bai taka ɗakina ba, bai auno mana ko mudu ɗaya ba. Zai zo da 'yan ƙwadago ya shiga fadama, ya yi dashe, ya yi ban-ruwa, ya kwashe albasa, ya wuce ta ƙofar gida kamar gidan wasu ne. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Da na gaji na aika ya sawwaƙe mini, sai ya ce zai sake ni ranar da na bar masa fadamar.

Fadamar nan kin san ta, ita ce kika ce ba ki taɓa ganin ƙasa mai baƙi irin tata ba. Ita ce rabon da ya faɗo mini a gadon mahaifina, Malam Abdulwahab. Yusuf noma ta kawai yake yi a matsayinsa na miji. Na ce ko zan tsufa a haka ba zan bayar ba, kuma na riƙe maganar nan shekara guda.

Ran nan sai aka ce in fito zaure, ya zo da takarda. Na yafa gyale, ina tafe ina jera maganganun da zan gasa masa. Kin san bakina, ai ke kika sa mini suna Rediyo a aji. Ina ɗaga asabari sai na ga Baba zaune a kan buzunsa. Mahaifin Yusuf nake nufi, shi kam ko a takarda ba zan iya rubuta sunansa ba. Malama, tun da aka kai ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ya amsa in tashi. Aminin mahaifina ne tun suna samari, shi ne ma ya saka shi a kabari da hannunsa, kuma duk shekara biyun nan daga rumbunsa ake auno mana abin da muke ci, ba tare da ya taɓa furta komai ba.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Yusuf ya miƙo takardar, bugun na'ura ce daga Jega. Na karanta a zuci. Wai rabo aka yi: ni in ɗauki kayan ɗakina da keken ɗinki da awaki uku, waɗanda dama nawa ne, shi kuma ya riƙe fadama da injin ban-ruwa da albasar da ke jibge a rudu, wato rumfar ajiyarta, a bakin saki ɗaya. Abokinsa Maigari, wanda ya zo shaida, ya karɓa zai karanta a fili. Sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, bari. Tunda sun daidaita, ba a tona asirin ɗiyar mutane gaban surukinta. Ɗiyata, sa hannu ki huta, kin wahala."

To me zan ce? Duk abin da na ƙullo ya warware. A'a ɗin tana nan a maƙogwarona, ina jin ta, amma in buɗe baki in musa wa Baba a cikin zaurensa? Na karɓi biro na rubuta Hindu Abdulwahab, da kyakkyawan rubutun nan da kika sha wahala kika koya mini. Baba ya dangwala yatsa, Maigari ya sa hannu, aka shafa fatiha.

Abin da ya fi ci mini rai ba Yusuf ba ne, shi na daɗe da sanin halinsa. Baba ne. Na ce a raina don kunyar abin da ke ciki ya hana a karanta. Ya san gonar amininsa ake karɓewa daga hannun marainiyarsa, ya kuma zauna aka yi. Kawu ya ce tunda na sa hannu magana ta ƙare, sai haƙuri. Ina ta gwada haƙurin, har yanzu bai zauna mini ba.

Ki gaishe da Malam Kefas, ki shafa mini kan Jemimah. Yara suna gaishe ki. Ki sa ni a addu'a irin taku, ni ma ina sa ki a tawa.

Taki har kullum,
Hindu.

Mungadi,
18 ga Yuni, 2023.

Malamata ta kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata damina ta sauka muku lafiya. Mu nan an yi shuka, gero har ya fara rufe ƙasa. Takardarki ta iso tare da man kaɗanya, na gode, Allah ya bar zumunci. Na ga faɗan da kika yi mini, shafi guda da rabi, wai Rediyo ya mutu ranar da aka fi bukatar labarai. Na karɓa, na ci faɗan. Na kuma ga inda kika ce kin tambayi masu sani sun ce sa hannu sa hannu ne. Ni ma haka na ɗauka har ranar Asabar ta wancan mako.

Tun da na gama idda nake zuwa Islamiyyar matan aure da ke bayan gidan Kawu, don zaman ɗaka ya ishe ni. Mai koyarwar wata tsohuwa ce, Malama Uwani, 'yar ƙarama da ita, haƙoranta ba su fi biyar ba, amma in ta buɗe littafi ko kaza ba ta motsi a tsakar gidan. Ran nan aka zo babin hul'i, wato inda mace ke ba da wani abu nata don miji ya sake ta. Ina zaune a baya ina ɓare gyaɗa a cikin gyale, rabin hankalina yana wani wuri. Sai na ji ta fassara cewa ya halatta mace ta fanshi kanta da dukiyarta, amma in ya tabbata cutarwa ce ta kai ta ga haka, to a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma yana nan daram.

Malama, gyaɗar nan watsewa ta yi a ƙasa. Na ce a maimaita. Ta maimaita. Na ce a ƙara. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi as same ki? Ba maganata ba ta, ta malamai ta, ga ta nan rubuce tun kakannin kakanninki ba su zo duniya ba." Na ce ko da matar ta sa hannu a takarda? Ta ce, "To da mi za ta bayar, da ƙahwa?" Mata suka fashe da dariya, ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi.

Bayan an tashi na roƙe ta ta nuna mini wurin. Ban iya Larabci ba, amma na ɗora yatsa a kan layin. Takardar ta yi ja don tsufa, gefenta duk ya cinye. Na yi ta juya abin a raina har na isa gida. Mutanen da suka rubuta wannan sun mutu shekaru ɗaruruwa, a ƙasashen da ko sunan Kashin Zama ba a taɓa ji ba. Amma suka zauna suka yi tunanin wata mace da za a matsa wa har ta miƙa abin hannunta tana kallo, suka ajiye mata magana tana jiran ta. Wallahi ji na yi kamar an san da zuwana. Na yi kwana uku in na tuna sai hawaye, ba kuma na baƙin ciki ba.

Da na kai wa Kawu maganar ya ce shi bai taɓa taka kotu ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ana cikin haka sai labari ya zo daga Aliero cewa Yusuf yana yawo da wani ɗan kasuwa a bakin fadamar, suna auna ta da ƙafa. Sayarwa zai yi. In ta shiga hannun wani, ta tafi ke nan. Da Kawu ya ji haka sai ya ce a wanke masa babbar rigarsa.

Mun je Jega ranar Talata, tunda can Yusuf yake zaune, mun shigar da ƙara a kotun shari'a, an ba da sammaci. Ban ɓoye miki ba, ina tsoro. Takardar nan gaskiya ce, sunana ne a jiki, ba wanda ya riƙe mini hannu.

A gaishe da mutanen gida duka. Raihanatu ta ce in gaya miki ta fi ni iya rubutu yanzu, ƙarya take yi.

Ɗalibarki,
Hindu.

Mungadi,
20 ga Agusta, 2023.

Aminiyata Malama Dorothy,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewa. Yaya ruwa, yaya jikin Malam Kefas da kika ce zazzaɓi ya kayar? Allah ya ƙara sauƙi. Wannan takardar ba ta da daɗi sosai, amma kin ce kada in rage miki komai.

An yi zama biyu. Ni da na zaci alƙali wani ƙaton mutum ne mai tsawa, sai na tarar da siririn dattijo mai magana a hankali, har sai ka kasa kunne. Yusuf ya zo cikin shadda sabuwa, ya miƙa takardar da hannu biyu. Ya ce matar nan ba jahila ba ce, ta yi makaranta, ta karanta da idonta, ta rubuta sunanta da hannunta, ba duka ba zagi. Kin ji inda karatunki ya kai ni, Malama, yau shi ne shaidar abokin gaba.

Alƙali ya tambaye ni ko rubutuna ne, na ce nawa ne. Ya tambaya ko na fahimci abin da ke ciki, na ce na fahimta. Na ga Kawu ya sunkuyar da kai. Sai alƙali ya ce in saurara da kyau. Ya ce mace baliga mai hankali tana da ikon ta ba da dukiyarta duka in ta ga dama, kuma kotu ba ta warware yarjejeniya don kawai wani ya kwashi da yawa wani ya tashi da kaɗan. In da haka ake yi, ba takardar da za ta tsaya a duniya. Sannan ya ɗaga takardar sama ya ce ita dai ta shaida hannu ya rubuta, amma ba ta faɗi abin da ya kai hannun ba, kuma wannan ne aikin da aka ajiye shi ya bincika. Ya hana a sayar da fadamar har a gama shari'a. Ya ce in kawo shaidu cewa an cutar da ni kafin in sa hannu.

Na fito ina mamakin mutumin nan. Bai san ni ba, bai san Yusuf ba, ko ruwanmu bai taɓa sha ba, amma ya zauna yana auna maganata da ta namiji a ma'auni ɗaya. Na ce shaidu kuwa ai Kashin Zama gaba ɗaya shaidata ce, wa bai san zaman da na yi ba?

Ashe ban san garinmu ba. Na shiga gida bakwai. Ko'ina a ba ni tabarma, a kawo fura, a taya ni kuka, in na ambaci kotu sai a fara duban ƙasa. Zulai, maƙwabciyata da muke raba gishiri da ita, ta riƙe hannuna ta ce, "Hindu, kowa ya san abin da anka yi miki. Amma yatsan Malam na bisa takardag ga. Wa za ya tashi gaban alƙali shi ƙaryata Malam? Shi yar raɗa ma ɗiyanmu suna." Baba take nufi. Mijinta ma da ya hango ni sai ya zame ta bayan gida. Ban ji haushinsu ba, don abin da ya rufe bakinsu shi ya rufe nawa. Ba kuma wanda ya iya zuwa ya tambayi Baba komai. Idonsa ya yi rauni, daga zaure sai masallaci, kowa yana kaffa-kaffa da shi.

Saura Kawu kaɗai, kuma alƙali ya ce shaida ɗaya ba ta isa. Ya ba ni zama na ƙarshe, ƙarshen watan gobe. In ban cika ba, takarda ta tsaya, fadama ta tafi. Yusuf kuma ya ce ranar zai kawo mahaifinsa da kansa ya tabbatar da yardata. Ban san yadda zan tsaya a ɗaki ɗaya da Baba ana shari'a ba.

Ki yi mini addu'a. Gaisuwa ga kowa da kowa.

Taki,
Hindu.

Kashin Zama,
8 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Malama Dorothy, malamata, 'yar'uwata,

Gaisuwa da girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Kefas da Jemimah. Na san kina ta duban hanya. Ki yi haƙuri, kwana goma na yi ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don abin da na gani ya fi ƙarfin rubutuna. Zan faɗa miki yadda ya faru, daki-daki.

Ranar zaman muka isa da wuri, ni da Kawu, ba shaida ta biyu. Can sai ga motar Yusuf. Ya buɗe ƙofa ya fito da Baba, yana riƙe da hannunsa, tsohon yana laluben ƙasa da sanda. Ya rame ƙwarai. Na ja gyale na rufe fuska, na matsa jikin bango.

Kawu ya ba da shaidarsa, bai rage komai ba. Alƙali ya tambaye ni ko akwai wani, na ce babu. Sai Yusuf ya miƙe ya ce ga mahaifinsa, a gabansa aka yi komai. Alƙali ya ce ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, amma tunda yatsansa yana kan takardar, za a karanta masa ya faɗa ko ita ce ya dangwala wa. Ya sa aka kawo wa Baba kujera. Magatakarda ya fara karantawa da ƙarfi.

Aka wuce kayan ɗaki, aka wuce keken ɗinki da awaki, Baba yana gyaɗa kai. Da aka zo kan fadamar da ta gada daga marigayi Malam Abdulwahab, sai kan ya tsaya. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a sake karanta min wurin ga." Aka sake. Ya ce, "Hwadama wacce? Ta Abdulwahabu?" Aka ce ita. Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin ɗansa, ya daɗe a haka.

Malama, bai sani ba. Wata bakwai ina ɗauke da tsohon nan a zuciyata da mugun zato, ashe bai sani ba.

Ya dafa sanda ya miƙe, aka ce ya zauna, ya ƙi. Ya ce, "Ni abin da anka hwaɗa min, takardar saki ta da kayan ɗakinta. Ni nim matsa mai shi sake ta, don shekara biyu ya bar ta ba ci ba sha, ba aure ba saki, daga rumbuna ɗiyanai ka ci. Ni kuma nih hana a karanta, don in rufa mata asiri. Ashe bakinta nir rufe. Yarinyag ga shekara sha tara ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ni ba. Da wuta nic ce ta sa hannu ciki, sawa za ta yi. Ɗana ya san haka, shi yas sa yaz zaunar da ni wurin."

Alƙali ya dakatar da shi cikin ladabi. Ya ce, "Baba, ka san inda maganag ga za ta? Shaidar uba in don ɗanai ta, ba a karɓa. In bisa ɗanai ta, ana karɓa, kuma da ita za ni yin hukunci." Baba ya ce, "Na sani, ai ni nih haihe shi. Amma Abdulwahabu na can shina jirana, kuma na kusa. Da wane ido za ni dubin shi?"

Na ga magatakarda ya ajiye biro yana share ido da hannun riga. Ban taɓa ganin abu mai girma irin wannan ba. Mutum ya tsaya da ƙafarsa, a gaban jama'a, ya ɗora gaskiya a kan ɗan cikinsa da kan kansa, ba wanda ya roƙe shi, ba abin da zai samu. Na sha jin ana wa'azin irin haka, ban san ana ganinsa da ido ba.

Sai alƙali ya juyo gare ni ya ce shaida ta cika, amma ƙarata ce, sai ya ji daga bakina: da yardata na bayar ko ba da ita ba? Ga Baba tsaye, taku uku tsakaninmu. Na dubi ƙasa kamar ranar zaure. Alƙali bai hanzarta ni ba, ya jira. Can na ji Baba ya ce a hankali, "Hwaɗi, ɗiyata. Na ba ki izini." Na ce, "Allah shi gafarta Malam, gaskiya Baba yah hwaɗi. Ban so ba, ban taɓa so ba. Wahala tak kai ni zaure, kunyatai kuma tas sa nis sa hannu." Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gabansa.

Kafin hukunci alƙali ya tambayi Yusuf ko yana da suka a kan shaidar, ko wani abin da ya rage bai faɗa ba. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifinsa, ya rufe. Sau uku ana tambayarsa. Sannan aka yanke: saki ya tabbata, fadama ta koma hannun mai ita, don fansar da aka karɓa ta hanyar cutarwa ba ta zama halal da sa hannu. Injin ban-ruwa an bar wa Yusuf, tunda shi ya saye shi, kuma gaskiya ne. Kawu sai hamdala yake yi da ƙarfi har aka ce ya rage murya.

Da muka fito, Yusuf ya riga kowa. Ya shiga mota ya ja, ko waiwaye bai yi ba. Baba ya lallaɓa ya zauna a kan benci a bakin ƙofar kotu. Kawu ya je ya durƙusa ya ce ya zo mu tafi tare, mota ɗaya. Ya ce a'a, Yusuhu ya tafi shan mai ne, yanzu zai komo ya ɗauke shi. Muka koma gefe muka zauna. Aka yi azahar, Kawu ya kai shi masallaci ya dawo da shi kan bencin. Duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai. Ma'aikata suka tashi, aka kulle kotu. Sai da aka kira la'asar sannan ya miƙa wa Kawu hannu, muka tafi da shi har muka sauke shi a ƙofar gida.

Yanzu ina Kashin Zama, a tsohon gidan mahaifina, ni da yara. Mijin Zulai ya aiko da injinsa aro tun ban tambaya ba. Shekaranjiya muka yafa irin albasa, ƙasar tana nan da baƙinta da laushinta. Mutane suna ta shigowa barka, ina amsawa, kuma Allah ya sani ina murna.

Amma hanyar fadama ta ƙofar gidan Baba ta bi. Yusuf bai zo ba, bai aiko ba, an ce ko wayar gidan ba ya ɗauka. Gonar ubana ta dawo hannuna, Malama. Shi kuma tsohon, kullum in na taso da yamma sai in same shi ya sa an fito masa da buzunsa waje, yana zaune shi kaɗai, fuskarsa tana duban hanyar Jega.

Ki gaishe mini da kowa. In kin tashi addu'a, ki sa shi kafin ni.

Taki har abada,
Hindu Abdulwahab.